Ku tambaya mu amsa: wai da gaske akwai ƙasar da kashin tsuntsu ya azurta, kuma ta koma tsiya?

Makon ga saƙonninku kusan duk kan abu guda suka taru, wani guntun bidiyo da ake ta turawa a WhatsApp kan wani tsibiri mai suna Nauru. Ni kaina sau huɗu aka turo min shi, har da wata gwaggona da ban san ta iya tura bidiyo ba. Toh na zaɓi shida daga cikin tambayoyin, masu tambayar maganin basir da na gado ku yi haƙuri sai wani makon.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gajiya, ina iyali. Dan Allah wani bidiyo na muka gani a guruf ɗin unguwa, wai wata ƙasa Nauru kashin tsuntsu yas sa tay yi kuɗɗi har tana gogayya da Saudiyya, kuma wai yanzu bara sukai. Mun yi gardama wurin mai shayi har an kusa ɓatawa, wani yac ce ƙasar ma babu ta, ƙirƙira ta akai. Shin gaskiya na ko irin ƙaryar 'yan soshiyal midiya ta? Daga wani mai karatu a Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam, gajiya ta bi lafiya. Ka faɗa wa mutumin da ya ce babu ƙasar ya biya kuɗin shayin, don kuwa akwai ta, tana da tuta da shugaban ƙasa da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1999. Tsibiri ne guda ɗaya tal a tsakiyar tekun Pasifik, ɗan kudu kaɗan da layin da ya raba duniya biyu, faɗinsa murabba'in kilomita 21 kacal, Batikan da Monako ne kawai suka fi shi ƙanƙanta a duniya. Titin da ya zagaye ƙasar gaba ɗaya kamar kilomita 19 ne, wato in ka hau kabu-kabu daga cikin garin Sakkwato za ka Boɗinga, kafin ka isa ka riga ka zagaye Nauru ka ɗora. Mutanen ƙasar wajen 12,000 ne, ɗaliban jami'ar Ɗanfodiyo sun fi su yawa.

Maganar gogayya da Saudiyya kuma a fahimce ta. Ba wai tarin kuɗin Nauru ya kai na Saudiyya ba, ina, lissafin da ake yi shi ne in an raba abin da ƙasa ta samu a shekara kan yawan mutanenta, toh a shekarun 1970 in aka yi wannan rabon Nauru tana cikin na sahun gaba a duniya, don kuɗin da yawa mutanen kuma 'yan tsiraru.

Abin da ya kawo kuɗin shi ne fosfet, sinadarin da ake yin takin supa da shi, kuma yana cikin kamfa da manomanmu ke watsa ma gero da albasa. Galibi ana danganta shi da kashin tsuntsayen teku da ya taru shekaru dubbai kan duwatsun murjani, shi ya sa mai bidiyon ya riƙe wannan kalmar don ta fi jan hankali. Yadda aka gano shi ma abin dariya ne, wani dunƙulen dutse ne da aka ɗauko daga tsibirin aka kai ofishin wani kamfani a birnin Sidni na Ostireliya, ana tokare ƙofa da shi don kar iska ta rufe, kowa na cewa icce ne da ya daskare ya zama dutse, sai wani ma'aikaci Albert Ellis ya ce bari dai ya gwada shi, gwadawar da zai yi sai ga fosfet mai daraja ta ɗaya. Wajen 1900 kenan. A 1906 aka fara haƙa, 1907 jirgin farko ya tashi da kaya.

Amma nan ne nake da ja da mai bidiyon, don ya tsallake shekara sittin kamar ba a yi su ba, ya fara labarinsa daga inda za a yi ma mutanen dariya. Lokacin da aka fara haƙar nan ƙasar ba ta hannun masu ita. Jamus ta mamaye ta a 1888, bayan wani yaƙin basasa na shekara goma da bindigogi da giyar da Turawan jiragen ruwa suka shigo da su suka rura, mutane suka ragu daga wajen 1,400 zuwa 900. A 1914 Ostireliya ta ƙwace daga Jamus, bayan yaƙin duniya na ɗaya kuma Ingila da Ostireliya da Niyuzilan suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta haƙar fosfet ɗin, suna kai ma manomansu a farashin da bai wuce kuɗin haƙowa da dako ba. Mai ƙasa fa? A farkon lamarin sisin kwabo ake ba shi kan kowane tan guda. Ba karin magana nake ba, sisin kwabo na gaske, rabin kwabo, kan tan. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwa ya san kududdufi. Bayan gidanmu akwai wani, kakana ya ce nan aka ɗebi ƙasar da aka gina rabin gidajen layinmu, gidajen suka tashi suka yi kyau da soraye da zaure, shi ko wurin aka bar shi rami, da damina ruwa da kwaɗi da sauro, da rani leda da mushen kaji, kuma ba wanda ya taɓa cewa bari ya mayar da ƙasar da ya ɗiba. Toh Nauru kududdufin gonakin Ostireliya da Niyuzilan ce. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsibirin an sassaƙe shi, tsakiyarsa yanzu wasu tsinin duwatsu ne tsaitsaye kamar haƙoran kada, wasu sun kai mita 15, ba noma ba gini ba kiwo, mutane duk sun maƙale a ɗan siririn bakin teku.

Kuma mutanen nan sun ga tasku ba kaɗan ba. Annobar mura ta 1920 ta kashe kusan kashi 18 cikin 100 nasu, har aka ce musu in ba su kai 1,500 ba jinsinsu zai ɓace, shi ya sa ranar 26 ga Oktoba 1932 da aka haifi jaririyar da ta cika lissafin suka mai da ita ranar biki, sunan bikin Angam, har yau suna yi. Ana wata ga wata, a 1942 Japan ta mamaye su, a 1943 ta kwashi mutum 1,200 ta kai wasu tsibirai da ake kira Chuuk aikin ƙarfi, 737 ne suka dawo da rai ranar 31 ga Janairu 1946. Daga baya da Ostireliya ta ga ƙasar na ƙarewa sai ta ce su tattara su koma wani tsibirin Curtis a gaɓarta su zama 'yan Ostireliya, a 1964 suka ce a'a, sun gode. Ranar 31 ga Janairu 1968 suka sami 'yanci, suka zaɓi ranar da mutanensu suka dawo daga Chuuk, kuma shugabansu na farko Hammer DeRoburt yana cikin waɗanda aka kwasa ɗin suka dawo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni abin da ban gane ba, mutum dubu goma da ɗoriya, ko albashin ƙaramar hukuma guda ai ya ishe su, ina kuɗɗin suka tahi? Ko su ma suna da irin namu masu hannu da shuni? Daga wata malamar makaranta a Arkilla.

AMSA: Malama sannu da fama da yara. Abin haushin shi ne ba wai ba su yi tunanin gobe ba, sun yi. Sun sayi kadarorin hukumar Turawan nan a kan dalar Ostireliya miliyan 21, a 1970 haƙar ta dawo hannunsu gaba ɗaya, kuma sun san sarai fosfet zai ƙare don suna ganin ramin na matsowa da idonsu, sai suka riƙa zuba wani kaso a asusun amana da nufin ranar da dutse ya ƙare a ci ribar jari. A takarda dabarar ba ta da aibi. A 1991 an ƙiyasta asusun ya kai dalar Ostireliya biliyan 1.3, zuwa 2002 abin da ya rage wajen miliyan 138 ne. Shekara goma sha ɗaya.

Ina suka tafi? Wani kaso ya tafi a rayuwar yau da kullum, ba haraji, asibiti kyauta, makaranta kyauta, mara lafiya a ɗauke shi a jirgi zuwa Ostireliya, gwamnati ita ce mai ɗaukar kusan kowa aiki, aikin haƙar mai wuya kuma 'yan ci-rani daga Kiribati da Tubalu da Sin ke yi. Ni wannan ɓangaren ban cika ganin laifinsa ba, mutum ya ci arzikin ƙasarsa ai ba zunubi ba ne, sai dai kasafin kuɗi ya riƙa wuce abin da ke shigowa, ana cike giɓin da rance ana jingina kadarorin asusun.

Wani kaso ya tafi a son a sani. Suka kafa kamfanin jirgin sama Air Nauru da jiragen Boeing suna zirga-zirga zuwa Japan da Hong Kong da Ostireliya da tsibiran maƙwabta, sau da yawa kujeru fayau, ƙasa mai mutum 'yan dubbai wa zai cika jirgi kullum? Suka gina bene mai hawa 52 a birnin Melbon aka gama a 1977, lokacin shi ya fi kowane gini tsawo a garin, suka sayi otal-otal da filaye a ƙasashe daban-daban, wasu aka saya aka bar su ba a taɓa yin komai da su ba.

Sai kaso na uku wanda ni a ganina shi ne babban ɓarawon, wato masu ba da shawara. Kin san yadda ake yi in attajiri ya rasu ya bar magada yara da dukiya, kafin a yi sadakar arba'in sai ki ga dillalai sun cika zaure, wannan ya zo da fili a Abuja, wancan ya zo da kwantena a Kwatano, kowa na rantsuwa shi aminin marigayi ne. Haka aka yi ma Nauru, lauyoyi da akantoci da 'yan damfara masu kwat da nekatai daga ƙetare suka yi ta kawo takardu ana sa hannu. Wanda ya fi shahara, ɗaya daga cikin masu ba su shawarar kuɗi ya lallashe su suka zuba miliyoyi a wani wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe a Landan a 1993, wasan da shi da kansa yana cikin marubutansa, makonni kaɗan aka yi aka rufe don ba 'yan kallo. Tun da ke mace ce bari in faɗa miki, lokacin da manyan gwamnati suka shirya tafiya Landan kallon buɗe wasan, matan ƙasar ne suka fita filin jirgi zanga-zanga, su sun riga sun ga inda aka dosa.

Ƙarshenta a 2004 masu bin bashi suka karɓe kadarorinsu na Ostireliya har da benen Melbon, a Disamba 2005 aka ƙwace jirgin da ya rage musu guda ɗaya, bankin ƙasar ya durƙushe da ajiyar mutane a ciki, albashi ya gagara, aka yi shekaru ƙasa guda ba banki ko ɗaya, komai da tsabar kuɗi a hannu, sai 2015 wani bankin Ostireliya ya buɗe ɗan reshe. Mu da muka ɗanɗana ƙarancin takardun naira a 2023 na 'yan watanni muka kusa haukacewa, su akasin haka suka yi na shekaru.

Masu hannu da shuni kuwa akwai su, shugabanninsu ba waliyyai ba ne, sun sha tafiye-tafiye da kuɗin jama'a. Amma ki lura da wani abu, a gari mai mutum dubu goma wanda zai binciki minista ɗan ƙanwarsa ne, alƙali surukinsa ne, ɗan jarida tare suka yi firamare, wa zai tona wa?

TAMBAYA: Malam ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne aji biyu. Wane irin tsarin mulki suke bi, kuma ina ne babban birninsu? Daga Dundaye.

AMSA: Ɗan samari, babban birni a hukumance babu, ka rubuta haka in an tambaye ka a jarrabawa. Ofisoshin gwamnati da majalisa suna gundumar Yaren, dab da titin saukar jirgi, shi ya sa ake ɗaukarta kamar ita ce. Jamhuriya ce, majalisa guda mai kujeru 19, ana zaɓe duk shekara uku, jefa ƙuri'a dole ne ga duk wanda ya kai shekara 20. 'Yan majalisar ne ke zaɓen shugaban ƙasa daga cikinsu, shi kuma ya ɗauki ministoci daga cikinsu, toh ka ga in mutum goma suka haɗa kai da safe kafin la'asar gwamnati ta faɗi, kuma jam'iyyu ba su da wani ƙarfi, dangantaka da sanayya ke aiki, asalinsu ma ƙabilu 12 ne da ake bin dangin uwa, su ne tsinin tauraro 12 da ke kan tutarsu. Tsakanin 1989 da 2003 sau 17 gwamnati ta canza. Wani Bernard Dowiyogo sau bakwai yana zama shugaban ƙasa, ya hau a sauke shi ya sake hawa, har ya rasu kan mulki a 2003 a wani asibiti a Washinton. Da can kujerun 18 ne, a 2010 aka yi kunnen doki tara da tara, aka yi zaɓe sau biyu a shekara guda ba a warware ba, shi ya sa a 2013 aka ƙara kujera ɗaya don a daina canjaras. Sun taɓa yin shugaba ɗan wasan ɗaga ƙarfe, Marcus Stephen, mai zinare bakwai a wasannin ƙasashe renon Ingila, ya yi mulki 2007 zuwa 2011. David Adeang ya hau a Oktoba 2023. Soja babu, Ostireliya ke kula da tsaronsu, kuɗin da suke kashewa ma dalar Ostireliya ce.

Abin da zai fi burge malaminka shi ne yadda suke ƙirga ƙuri'a. Ba mutum guda kake dangwala ma ba, duk 'yan takarar mazaɓarka za ka jera, na ɗaya na biyu na uku har ƙarshe, wanda ka sa farko ya sami maki 1, na biyu rabi, na uku sulusi, na huɗu rubu'i, haka har ƙasa, sai a tara. Daren jiya na gwada ma mai shayinmu da ƙwayoyin suga kan tebur, na ce a ɗauka mu goma ne, huɗu na son Alhaji wane amma sauran shida sun tsane shi sun jefa shi can na biyar, shi yana da 4 da ɗan canji 1.2, jimla 5.2 kenan, wani malami kuma mutum biyu ne kawai suka sa shi farko amma takwas ɗin duk sun sa shi na biyu, 2 da 4, ya tashi da 6, ya kada Alhaji. Mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu ya daɗe yana kallon sugan, can ya ce toh Malam a nan wa za a ba taliya da atamfa, kowa da kowa? Na ce ka kwashe suganka kafin tururuwa ta yanke hukunci.

Kar dai ka ɗauka aljannar dimokuraɗiyya ce. A 2014 gwamnati ta kori majistare ɗinta ta hana alƙalin alƙalai dawowa ƙasar, ta ɗaga kuɗin bizar ɗan jarida zuwa dalar Ostireliya 8,000 wanda ko an hana ka ba a mayar maka, daga 2015 zuwa farkon 2018 kuma Facebook a toshe yake.

TAMBAYA: To yanzu da dutsen ya ƙare mi suka ci? Daga wani ɗan kasuwa a Tsohuwar Kasuwa.

AMSA: Alhaji, kai da ka san kasuwa za ka fi kowa ganewa, in kaya suka ƙare a shago sai a fara sayar da kanta da sikeli, daga nan a ba da hayar shagon. Abin da ƙasa ke da shi wanda ɗan kasuwa bai da shi su ne hatimi da fasfo da ƙuri'a a zauren duniya da fili da ruwa, toh ɗaya bayan ɗaya Nauru ta kai su kasuwa.

A shekarun 1990 ta riƙa sayar da lasisin banki, bankuna wajen 400 da ba su da ko kujera a tsibirin sai suna a takarda, har babban bankin Rasha ya ce kimanin dala biliyan 70 sun bi ta nan a 1998 kaɗai, aka sa ƙasar a baƙin littafin masu wanke kuɗin haram sai 2005 aka cire ta bayan ta rufe su. Ƙuri'a kuma, ta amince da Taiwan a 1980, ta koma Sin a 2002, ta dawo Taiwan a 2005, ta sake komawa Sin a Janairu 2024, irin sauya sheƙar da ko 'yan siyasarmu sai sun sara mata.

Wanda ya fi ɗaci shi ne na 2001. Wani jirgin dakon kaya na ƙasar Nowe mai suna Tampa ya ceto mutum 433 a teku, yawancinsu 'yan Afganistan masu neman mafaka, Ostireliya ta ce ba za su taka ƙasarta ba, sai ta yi ciniki da Nauru a tsare su a can ita kuma ta biya. Aka rufe sansanin a 2008 aka sake buɗewa a 2012, mutane har da ƙananan yara suka yi shekaru a tantuna kan wannan farin dutsen mai zafi ba su san ranar fita ba, likitoci da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun yi ta kuka kan masu ciwon ƙwaƙwalwa da masu yunƙurin kashe kansu. Kuɗin sansanin nan ya zama babban abin da ke riƙe da kasafin ƙasar, kuma kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. A Disamba 2024 ma sun sa hannu kan wata yarjejeniya, Ostireliya za ta ba su dalarta miliyan 100 cikin shekara biyar da wasu miliyan 40 na 'yan sanda, su kuma ba za su ƙulla harkar tsaro da wata ƙasa ba sai da yardarta.

Mai tsafta a ciki shi ne kifi. Ƙasar ƙarama ce amma ruwan da ke ƙarƙashin ikonta ya haura murabba'in kilomita 300,000, cike da kifin tuna. Ita da wasu ƙananan ƙasashen yankin sun haɗa kai tun 1982, daga baya suka fito da tsarin sayar ma jiragen kamun kifi na ƙetare kwanaki, kana son kwana nawa a ruwanmu ga farashi kuma ba mai karya ma wani, tun daga nan kuɗin da suke samu ya ninka. Fosfet ɗin ma ana ɗan kalen abin da ya saura a ƙarƙashin duwatsun.

TAMBAYA: Ranka shi daɗe, ni manomi na. Tun muna yara muna jin ana hwaɗin akwai irin dutsen ga na taki a ƙasarmu ta Dange. Da nig ga bidiyon sai tsoro yak kama ni, kar wata rana a zo a yi muna irin ta Nauru. Mi kag gani? Daga ƙasar Dange-Shuni.

AMSA: Baba, tare da naka ran. Gaskiya ne akwai fosfet a ƙasar Dange, 'yan dunƙule-dunƙule ne a cikin laka, masu binciken ƙasa da na aikin gona sun daɗe da saninsa har sun gwada niƙa shi a zuba a gona kai tsaye. Kuma ga abin mamaki, fosfet ɗin da ake haɗa mana kamfa da shi daga Maroko ake shigo da shi, an ƙulla wannan yarjejeniyar a ƙarshen 2016.

Amma ka kwantar da hankalinka ta fuska guda, mu ba tsibiri ba ne. Su abin da suka sayar shi ne ƙasar da suke takawa ita kanta, ba su da wani Gwadabawa ko Tureta da za su matsa, shi ya sa ma ba na son kwatancen da ake ta yi a ƙarƙashin bidiyon cewa Nauru ita ce Nijeriya fosfet shi ne fetur, kwatance ne mai daɗin faɗi amma mu mutum sama da miliyan 200 ne, fetur bai taɓa isar kowa ba balle a ce mun sangarce. Inda tsoronka ke da hujja shi ne a matakin ƙauye, don ƙauye guda zai iya zama Nauru ko da ƙasa ba ta zama ba, ba mu manta da Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinari ta kashe yara sama da 400.

Da za a zo muku da maganar haƙa, ni tambaya ta farko da zan so mai gari ya yi ba nawa za a ba mu ba ce, ita ce wa zai cike ramin, da kuɗin wa, kuma ina aka ajiye kuɗin tun yau. Mutanen Nauru sai a 1989 suka kai Ostireliya kotun duniya da ke Heg kan ɓarnar da aka yi kafin 'yanci, a 1993 aka sasanta a wajen kotu kan dalar Ostireliya miliyan 107, kuma har yau yawancin tsakiyar tsibirin na nan yadda aka bar shi, don ƙasar noman da aka kankare an riga an watsa ta a gonakin wasu. Ka kuma tabbata gonarka na da takarda, Baba, ko ta hakimi ce.

TAMBAYA: Malam na ji wai suna sayar da fasfo. Nawa ne, kuma akwai aiki can? Ni dai ko ina ne in bar ƙasar ga. Daga wani matashi a Gidan Igwai.

AMSA: Ƙanena, suna sayarwa, sun buɗe sabon shirin ne da cewa za su tara kuɗin kwashe mutanensu daga bakin teku zuwa tudu saboda ruwa na cin gaɓa. Farashin da suka fara da shi dalar Amurka 105,000 ne ga mutum guda, ka buga a kalkuleta da canjin yau ka gani, in kana da su ina ganin ba ka turo min wannan saƙon ba. Masu saye ma ba zama suke zuwa yi ba, fasfon suke so don shiga wasu ƙasashe ba biza, kuma ko ka saya baƙo ba ya mallakar fili a can.

Aiki kuwa, gwamnati ce da sansanin da ɗan abin da ya rage na haƙa, su kansu matasansu nema suke. Ba kogi ko ɗaya a ƙasar, ruwan sama ake tarawa a tanki ko a tace na teku a raba da mota, in fari ya zo sai a hankali. Abinci kusan duk na gwangwani ne da shinkafa da ake kawowa a jirgin ruwa tun da ba gona, shi ya sa suna cikin waɗanda suka fi kowa ƙiba da ciwon suga a duniya, ganye da tumatir kuwa sai mai hali. Kai da ka saba ka tsallaka Kasuwar Daji ka cika leda da albasa da tattasai da kabewa, ka yi tunani.

In kuma yawon buɗe ido ne, hanyar da aka fi bi sai ka fara isa Birisben a Ostireliya, wato sai ka nemi bizarsu tukuna, daga nan ka jira jirgin Nauru na awa huɗu da wani abu wanda ba kullum yake tashi ba. Ranar da ka tara kuɗin tikitin ka biyo ta ofis, ina da saƙon kilishi da zan ba ka ka kai ma 'yan majalisar nan 19, ƙulli guda ya ishe su.